Majalisar Babana ta Ranar Lahadi

Babana, Harlan Pruitt, shekara ashirin da bakwai
yana rubuta wa kamfanin inshora manhaja a Dayton,
bai taɓa makara ba, ko ranar da ƙanƙara ta binne titi.
Ran Lahadi, in an taso coci, an ajiye gasasshen nama,
sai ya goge tabarau da gefen riga, ya buɗe majalisa.

Kasuwa, in ji shi, alƙali ce da ba ta cin hanci,
kowa ya ci zomo ya ci gudu.
Haraji ɓera ne da aka danƙa wa makullin rumbu.
Ƙungiyar ƙwadago? Ta masu narka ƙarfe ce,
mai aiki da ƙwaƙwalwa ba ya aron bakin wani.
Iyaka kuwa a rufe ta kamar ƙofar gida da dare,
mai son shiga ya ƙwanƙwasa, ya bi layi.

Ƙanena Wendell kaɗai ke tanka masa.
Ya sayar da babur, ya zuba a kuɗin kirifto,
yana nuna mana koren layi na hawa tudu a waya.
Baba ya ce, kuɗin da ba ka jin nauyinsa a aljihu
hayaƙi ne, yaro.
Wendell ya ce, ai kai ka koya mini
kada in amince da takardar da gwamnati ke bugawa.
Sai Baba ya nemi a miƙo masa gishiri.

A watan Maris aka kira shi ɗaki mai bangon gilashi.
Wata uku, suka ce, ka koya wa wani aikinka,
daga nan mun gode.
Akwai kuma takardar da ya sa wa hannu tun yana da baƙin gashi,
wadda ta hana shi shekara guda
yin aiki da duk kamfanin da ke gogayya da su.
Ya karanta ta sau uku a gareji, cikin mota, injin a kashe.
Da ya shigo ya ce, hannuna ne, ba wanda ya murɗe shi.

Wanda aka kawo sunansa Vedant Kulkarni,
siriri, mai yawan ba da haƙuri,
bizarsa a ɗaure da kujerar nan kamar akuya da turke,
in aka kore shi, kwanakinsa a ƙasar ƙirgaggu ne.
Baba ya yi niyyar tsanarsa. Na ga ya yi ƙoƙari.
Mako na biyar ya dawo yana faɗa,
ashe rabin albashina suke ba yaron,
kuma ba shi da bakin cewa uffan!

Lahadi ta gaba Mama ta dafa wake, don baƙon ba ya cin nama.
Baba ya goge tabarau, ya maimaita masa komai,
har batun iyaka, ido cikin ido.
Vedant ya ce, ni ma na bi layi, shekara shida.
Baba ya ce, to layin ne ya lalace.
Ya ƙara masa dankali.

Koren layin Wendell ya gangara rami, ya ɗan farfaɗo, ya sake suma.
Baba bai ce na faɗa maka ba. Ya ba shi aron tsohuwar motarsa.
Ƙuri'arsa tana nan inda take,
allon ɗan takararsa ma yana nan kan ciyawar ƙofar gida.
In na ambaci ƙungiya, har yau tsaki yake ja,
sai dai tsakin ya rage tsawo.

Jiya Vedant ya turo mini hoton wani saƙo
da ya tsinta can cikin manhajar, tsakanin layuka:
Kada ka taɓa wannan. Na san mummuna ne.
Shi ke riƙe da fanshon matan da mazansu suka mutu.
In ya ba ka wahala, ka kira ni, ina gida.